Yadda Ake Gano Shekarun Duwatsun Wata, da Gudunmawar Hamadar Sahara

Auna shekarun dutse ta hanyar rikiɗar ƙwayoyin zarra, abin da ake kira datation radiométrique da Faransanci, hanya ce da masana ke bi don sanin lokacin da dutse ya daskare daga narkakken ruwansa, ko lokacin da wani zafi mai tsanani ya sake taɓa shi. Da wannan hanya aka ƙiyasta shekarun duniya a kan biliyan 4.54, aka kuma gano cewa wata bai gaza shekara biliyan 4.35 ba. Biliyan ɗaya dai shi ne miliyan dubu, wanda a Nijar aka fi sani da miliyar.

Batun ya shafi mazauna Tamanrasset, Agadas da Arlit fiye da yadda ake zato. Kaso mai yawa na duwatsun wata da ke hannun masana a yau ba kumbo ne ya ɗauko su ba, a cikin Sahara aka tsince su. Ɗaya daga cikinsu, wanda aka samu a Aljeriya a 2005, yana tsakiyar muhawarar da ake yi yanzu kan shekarun kwari mafi girma a jikin wata.

Hanyoyin da duwatsun wata suka iso duniya

Hanya ta farko ita ce ta 'yan sama jannatin Amurka. Tsakanin 1969 da 1972 kumbon Apollo ya sauke mutane a kan wata sau shida, suka dawo da duwatsu da ƙasa masu nauyin kilo 382. Mafi yawansu suna ajiye a cibiyar Johnson ta hukumar NASA da ke Houston, cikin akwatunan da aka cika da iskar naitrojin don kada danshi ya taɓa su.

Ta biyu ita ce ta kumbuna marasa matuƙi. Tarayyar Sobiyet ta aika Luna 16 a 1970, Luna 20 a 1972 da Luna 24 a 1976, waɗanda gaba ɗaya suka kawo kimanin giram 300. Ƙasar Sin ta biyo baya da Chang'e-5, wanda ya dawo da giram 1,731 a Disamban 2020, sai Chang'e-6 da ya kawo giram 1,935 a Yunin 2024. Shi ne na farko da ya ɗebo ƙasa daga bayan wata, wato ɓangaren da ba ya taɓa fuskantar duniya.

Ta uku ba hannun ɗan'adam a ciki. Idan wani babban dutse daga sararin samaniya ya faɗa wa wata, tarwatsin da ya yi gudun da ya haura kilomita 2.4 a daƙiƙa yakan kuɓuce wa jan watan, ya yi ta yawo, wani daga ciki ya faɗo duniya. A Janairun 1982 aka tsinci wani ɗan dutse a ƙanƙarar Antatika, aka kwatanta ma'adinansa da na Apollo, aka tabbatar daga wata ya zo. A Sahara kuwa, na farko shi ne Dar al Gani 262, wanda aka samu a Libiya a 1997. Tun daga nan an tsinci ɗaruruwa, mafi yawansu a Sahara, Oman da Antatika, har jimillar nauyinsu ta zarce abin da Apollo ya kawo. Waɗannan duwatsu daban suke da gatarin aradu da ake tsinta a daji, wanda makami ne da mutanen da suka sassaƙa da hannu.

Agogon da ke cikin dutse

Kowane dutse haɗe yake da ƙwayoyin zarra iri-iri. Mafi yawansu ba sa sauyawa, amma akwai waɗanda ba su da natsuwa, sukan fitar da wani ɓangare na jikinsu su rikiɗe su zama wani sinadari daban. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit, a hankali yake rikiɗa ya zama dalma. Masana kan kira sinadarin farko uwa, wanda ya fito daga gare shi kuma 'ya.

Rikiɗar tana bin ƙa'ida guda. Kowane irin sinadari yana da wa'adin da rabinsa zai rikiɗe a ciki, kuma zafi ko sanyi ko nauyin ƙasa ba sa sauya wannan wa'adi. Ana kiransa wa'adin rabi.

A ɗauka an zuba mudu 80 na gero a rumbu, aka ƙa'ide cewa kowace shekara za a niƙa rabin geron da ya rage, a bar garin a cikin rumbun. Bayan shekara ɗaya akwai gero mudu 40. Bayan biyu saura 20, bayan uku saura 10, sauran mudu 70 duk sun koma gari. Wanda ya buɗe rumbun ya tarar da wannan rabo zai san shekara uku aka yi, ko da ba ya nan ranar da aka zuba. Lissafinsa zai yi daidai ne da sharaɗi biyu: ya san ko akwai gari a rumbun tun farko, kuma ya tabbatar ba wanda ya ɗiba ko ya ƙara a tsakani. Kusan duk wahalar wannan fanni tana kan cika waɗannan sharuɗɗa biyu.

Mutanen Ahaggar sun san wa'adin rabi ta wata fuska mai ɗaci. A In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a ƙarƙashin dutse tsakanin 1961 da 1966, kuma a gwajin Béryl na ranar 1 ga Mayun 1962 gurɓataccen tururi da narkakken dutse suka ɓalle waje. Sinadarin siziyom-137 da irin wannan fashewa ke bari yana da wa'adin rabi na shekara 30, don haka yanzu abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi kuwa fulutoniyom-239 wa'adinsa ya haura shekara 24,000, ke nan kusan duk yana nan yadda aka bar shi. Ƙa'idar da ke faɗin tsawon wannan haɗari ita ce dai ke faɗin shekarun dutse.

Bafaranshe Henri Becquerel ne ya fara lura da haskokin da yuraniyom ke fitarwa a 1896. Ba a yi shekara goma ba Ernest Rutherford ya nuna za a iya auna shekarun ma'adinai da wannan rikiɗa, sai Bertram Boltwood ya gwada da yuraniyom da dalma a 1907. A 1956 Clair Patterson na Amurka ya auna dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, ya fitar da shekara biliyan 4.55 a matsayin shekarun duniya, adadin da har yau bai motsa sosai ba.

Agogunan da ake amfani da su

Lambar da ke bin sunan sinadari tana nuna nauyin ƙwayar zarrarsa, domin sinadari guda kan kasance da nau'o'i masu bambancin nauyi.

Yuraniyom-238 yana komawa dalma-206, wa'adin rabinsa shekara biliyan 4.47.

Yuraniyom-235 yana komawa dalma-207, wa'adin rabinsa shekara miliyan 704.

Fotasiyom-40 yana haifar da iskar argon-40, wa'adin rabinsa shekara biliyan 1.25.

Rubidiyom-87 yana komawa sitironshiyom-87, wa'adin rabinsa kimanin shekara biliyan 49.

Samariyom-147 yana komawa niyodimiyom-143, wa'adin rabinsa shekara biliyan 106.

Waɗannan alƙaluma suna bayyana wani abu da ma'aikatan ma'adinai suka sani. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a ko'ina, nau'in 235 kashi 0.7 ne kacal cikin ɗari. Dalili kuwa, tun farkon duniya nau'in 238 rabinsa kawai ya rikiɗe, alhali nau'in 235 ya rabu biyu fiye da sau shida, abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin ɗari na asalinsa ba.

Mutane da yawa sun fi jin labarin kabon-14, wanda da shi aka auna kaburburan Gobero da ke Tenere a Nijar, aka samu mafi tsufansu sun kusa shekara 10,000. Wa'adin rabinsa shekara 5,730 ne, ba ya wuce kimanin shekara 50,000 a awo, saboda haka ba ya iya faɗin lokacin da dutsen wata ya samu. Amfaninsa a nan shi ne nuna tsawon zaman da dutsen ya yi a cikin hamada bayan faɗowarsa.

Yadda ake cika sharuɗɗan biyu

Don sanin ko akwai gari a rumbu tun farko, masana sun fi dogara da wata ƙwayar ma'adini mai tauri da ake kira zirkon. Lokacin da take daskarewa tana karɓar yuraniyom, tana ƙin dalma. Ke nan kusan duk dalmar da aka tarar a cikinta daga baya haifaffiyar cikin gida ce. Ƙwayar zirkon sau da yawa ba ta fi kaurin silin gashi ba.

Inda babu zirkon, ana ware ma'adinai daban-daban daga dutse guda. Da yake sun daskare tare, sun fara da rabo iri ɗaya na nau'o'in sinadarin 'ya, amma kowane ya ɗauki nasa adadin na uwa. Wanda ya fi yawan uwa shi zai fi tara sabuwar 'ya. Idan aka zana sakamakon a kan takarda, ɗigogin sukan jeru a miƙaƙƙen layi. Karkatar layin ita ke faɗin shekaru, inda ya soma kuma yana nuna abin da aka fara da shi. Idan ɗigogin suka warwatse, alama ce an taɓa rumbun, sai a yi watsi da adadin.

Sharaɗi na biyu shi ya sa ake daraja yuraniyom, domin shaidu biyu ne a gida ɗaya. Nau'in 238 da nau'in 235 kowane yana tafiya da saurinsa. Idan suka ba da shekara ɗaya, an samu natsuwa. Idan suka saɓa, yanayin saɓanin kan nuna lokacin da dalma ta zube.

Argon kuwa iska ce, da zarar dutse ya yi zafi sosai sai ta tsere, agogon ya koma sifiri. Wannan rauni nasa ya zama amfani. A wata, abin da ke kawo irin wannan zafi galibi karon manyan duwatsu ne, don haka agogon argon yakan faɗi ranar karon, yayin da zirkon ke riƙe da ranar daskarewa ta asali. Dutse ɗaya na iya ba da shekaru biyu mabambanta, kuma dukkansu gaskiya ne, kowane lamarin da yake ba da labari daban.

Awon kansa ana yin sa da na'urar da ke rarrabe ƙwayoyin zarra bisa nauyinsu, ta ƙirga kowane nau'i. Ɗakin aikin yakan kasance cikin tsabtar da ta fi ta ɗakin tiyata, domin ƙurar waje tana ɗauke da dalma. Kowane sakamako yana zuwa da alamar ±. Idan aka rubuta shekara miliyan 2,030 ± 4, ma'anarsa ana sa ran adadin gaskiya yana tsakanin 2,026 da 2,034.

Abin da duwatsun kumbuna suka nuna

Duk wanda ya ɗaga kai ranar sha huɗu ga wata zai ga fuskar kashi biyu ce, fari da baƙaƙen tabo. Farin tsaunuka ne na wani dutse mai haske. Baƙin kuma shimfiɗaɗɗun filaye ne na basalt, wato narkakken dutsen da ya kwararo daga ciki ya daskare. Kafin 1969 ana ta gardama kan tsufansu, amma gani ya kori ji.

Basalt ɗin da Apollo 11 ya kawo ya ba da shekara biliyan 3.6 zuwa 3.9, na Apollo 12 kuma biliyan 3.1 zuwa 3.3. Fararen duwatsun sun fi tsufa. Wanda Apollo 15 ya ɗauko a 1971 mai lamba 15415 ya kai kimanin biliyan 4, sannan a 2011 aka auna mai lamba 60025 na Apollo 16 aka samu biliyan 4.36. Wata ƙwayar zirkon daga Apollo 17 ta ba da biliyan 4.46 a binciken da aka wallafa a 2023.

Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne wata ya samu ne bayan wata ƙaramar duniya, wadda aka raɗa wa suna Theia, ta yi karo da duniyarmu tana jaririya, tarwatsin ya dunƙule ya zama narkakken ƙwallo, ya huce a hankali. Inda ake saɓani shi ne yaushe. Yawancin tsofaffin duwatsu suna taruwa a wajen biliyan 4.35, alhali wani bincike na 2017 kan zirkon na Apollo 14 ya nuna biliyan 4.51. A ƙarshen 2024 Francis Nimmo da abokan aikinsa suka kawo bayanin da ke neman haɗa biyun: watan tsoho ne, amma jan duniya ya sake narkar da ɓawonsa a wajen biliyan 4.35, agoguna da yawa suka koma sifiri.

A 1974 masana uku na jami'ar Caltech, Fouad Tera, Dimitri Papanastassiou da Gerald Wasserburg, sun lura cewa duwatsun da karo ya narkar suna yawan ba da kimanin biliyan 3.9. Suka ce wataƙila a wannan lokaci an yi wa wata ruwan duwatsu. Daga baya wasu suka yi tambaya mai nauyi. Duk inda Apollo ya sauka yana fuskar da ke kallon duniya, ba nesa ainun da babban kwarin Imbrium mai shekara biliyan 3.9 ba. To ko tarwatsin karo ɗaya ake ta sake aunawa? Amsar tana buƙatar duwatsu daga wasu wurare, kuma nan ne hamada ta shigo.

Duwatsun Sahara

Dutsen da ya faɗo da kansa na iya fitowa daga ko'ina a jikin wata, har da bayansa. Hamada tana adana shi saboda ƙarancin ruwan sama, kuma a shimfiɗaɗɗen fili mai farin tsakuwa baƙon dutse yakan fita daban. Ƙungiyar masana ta Meteoritical Society ita ke ba su suna, bisa wurin da aka same su. Waɗanda aka saya a kasuwa, irin kasuwannin Erfoud da Rissani a Maroko, ba tare da sanin takamaiman wurin tsintuwa ba, ana sa musu haruffan NWA, wato Arewa maso Yammacin Afirka, sai lamba ta biyo baya.

Irin wannan dutse yana da shekaru har kashi huɗu: lokacin da ya daskare, lokacin da karo ya girgiza shi, tsawon yawonsa a sararin samaniya, da tsawon zamansa a ƙasa. Biyun ƙarshe ana gano su ne daga sinadaran da haskokin sararin samaniya ke haifarwa a jikinsa. Awon ya nuna duwatsun wata da aka tsinta sun baro shi ne cikin shekara miliyan 20 da suka wuce, da yawansu ma kwanan nan ƙwarai idan aka kwatanta da tsufansu.

Wasu sun cike giɓin da Apollo ya bari. Kalahari 009, wanda aka samu a Botswana a 1999, yana ɗauke da basalt mai shekara biliyan 4.35, abin da ya nuna aman wuta ya fara tun da wuri. NWA 032 ya ba da kimanin biliyan 2.9, ƙasa da duk basalt ɗin Apollo. A 2021 ƙasar da Chang'e-5 ya kawo ta ba da biliyan 2.03, na Chang'e-6 kuma daga baya biliyan 2.8. Sai a 2025 masanan jami'ar Manchester suka ba da rahoton NWA 16286, mai nauyin giram 311, da shekara biliyan 2.35, wanda ya faɗa tsakanin waɗancan biyun. Idan aka jera su, za a ga cikin wata ya ci gaba da zafi har fiye da shekara biliyan biyu bayan samuwarsa.

Mafi jan hankali ga Aljeriya shi ne NWA 2995. An same shi a ƙasar a 2005, kuma haɗakar gutsattsarin duwatsu ne da karo ya manne su wuri ɗaya. Tawagar Katherine Joy ta jami'ar Manchester ta auna yuraniyom da dalmar da ke cikin ƙwayoyinsa, ta tarar suna komawa ga wani gagarumin karo na shekara biliyan 4.32 zuwa 4.33. Ta kuma kwatanta sinadaransa da taswirar da kumbon Lunar Prospector ya yi daga sama, suka dace da na kwarin Aitken da ke kudancin bayan wata, mai faɗin kusan kilomita 2,500. An wallafa sakamakon a Oktoban 2024. A 2025 masanan Sin suka auna gutsattsarin da Chang'e-6 ya ɗebo daga cikin kwarin kansa, suka samu biliyan 4.25. Tazarar ta kai shekara miliyan 70 zuwa 80, kuma muhawarar tana ci gaba. Ƙarfin hujjar Sin shi ne an san inda aka ɗebo ƙasar, raunin dutsen Aljeriya kuma shi ne asalinsa hasashe ne daga kamannin sinadarai. Amma duka biyun sun nuna karo mafi girma ya riga shekara biliyan 3.9 da nisa, abin da ke rage ƙarfin batun ruwan duwatsu na lokaci guda.

Aljeriya ta kuma ba da Erg Chech 002, wanda aka tsinta a yankin Adrar a Mayun 2020. Wannan ba daga wata ya zo ba, guntun ɓawon wata ƙaramar duniya ce da ta tarwatse tuntuni. Awon dalma na 2023 ya ba shi shekara miliyan 4,565.56 ± 0.12, yana cikin duwatsun aman wuta mafi tsufa da aka sani, ya kuma girmi wata da duniya.

Kwatanci da duwatsun yankin

Agogunan nan su ne dai aka auna tsaunukan da matafiya ke ratsawa daga Tamanrasset zuwa ƙasar Hausa. A In Ouzzal, yamma da Tamanrasset, akwai duwatsun da wasunsu suka haura shekara biliyan 3. Yawancin manyan duwatsun Ahaggar sun samu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Tsinannun kololuwan Atakor da ake kallo daga Assekrem kuwa 'yan baya-bayan nan ne, aman wutar da ya haife su ya soma ne wajen shekara miliyan 20 da suka wuce. Akwai kuma wani jerin duwatsu da ya miƙa daga Abzin zuwa Jos, wanda awon rubidiyom ya nuna yana rage tsufa yayin da ake yin kudu: sama da miliyan 400 a Abzin, wajen miliyan 300 a Damagaram, ƙasa da miliyan 200 a Jos.

A duniya ba a cika samun dutsen da ya wuce biliyan 4 ba. Mafi tsufa da aka fi yarda da shi shi ne na Acasta a Kanada, mai biliyan 4.03, sai wasu ƙwayoyin zirkon na Ostireliya masu biliyan 4.4. Ruwa, iska da motsin ɓawon ƙasa sun shafe sauran. Wata ba shi da waɗannan, shi ya sa tarihin farkon duniya ake karanto shi daga can.

Haka abin yake ga ramukan karo. Ramin Amguid da ke arewa da Tamanrasset, mai faɗin kusan rabin kilomita, ana ganinsa sarai ne domin bai wuce shekara 100,000 ba. A wata ramuka ba sa gogewa da sauri, saboda haka fili mai yawan ramuka ya fi tsufa. Da aka haɗa ƙidayar ramukan wuraren da kumbuna suka sauka da shekarun duwatsun da aka ɗebo a can, sai aka samu ma'aunin da ake ƙiyasta shekarun sauran sassan wata da shi, har ma da na duniyar Mars. Kowane sabon awo yana gyara wannan ma'auni.

Kasuwa, doka da abin da ke salwanta

Duwatsun sama sun zama haja mai tsada. A ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York ya sayar da NWA 16788, dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25 da aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu, yayin da kamfanin ya ce an bi ƙa'idojin da suka dace. A Aljeriya ma doka ta hana fitar da su ba da izini ba, kuma wanda aka kama da su a kan iyaka na iya shiga hannun hukuma.

Darajar sanin wuri da lokaci tana bayyana a labarin Zagami. Ranar 3 ga Oktoban 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a gonarsa a lardin Katsina. Da yake an ɗauke shi da wuri, bai gurɓata ba. Daga baya aka gano daga Mars ya zo, ya daskare kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, kuma har yau ana bincike a kansa da sunan wannan wuri na ƙasar Hausa. Dutsen da ya bi ta hannun dillalai har ya ɓace wa asalinsa, lamba kawai yake samu.

Zaman hamada kansa yana taɓa rumbun. Ɗan ruwan da ke sauka yakan cusa farar ƙasa cikin tsagogin dutse, tare da sitironshiyom da dalmar duniya, abin da ke tilasta wa masana wanke ƙwayoyin da ruwan asid kafin awo. Hannun mutum yana ƙara ɓarnar. Wanke dutsen da ruwa ko sabulu, shafa masa mai don ya yi sheƙi, ko ƙona shi a wuta don gwaji, duk suna rage abin da za a iya karantawa a cikinsa. Manna masa maganaɗisu mai ƙarfi yana shafe tsohon tarihin maganaɗisun da yake ɗauke da shi, kuma gwajin ba ya ma da amfani a nan, domin yawancin duwatsun wata ba sa jan maganaɗisu sosai. Ido kaɗai ba ya tabbatar da su, sai ɗakin gwaji.

Abin da masana ke roƙo daga wanda ya ci karo da baƙon dutse shi ne ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya rubuta lambobin wurin da wayarsa, ya ajiye shi a busasshiyar leda mai tsabta, sannan ya tuntuɓi sashen nazarin ƙasa na jami'a ko hukumar ma'adinai ta ƙasar da yake ciki. Kafin a ba dutse suna a hukumance, ƙa'ida ita ce a ajiye giram 20 ko kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a wata cibiyar bincike da aka amince da ita. Daga irin wannan ɗan guntu ne ake yanko abin da ake aunawa, kuma sau da yawa shi kaɗai ke saura a hannun masana bayan an sayar da sauran.